Cin rani a ƙofar gida

Da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, tashar motar Dogon Dutsi, a yankin Arewa na Nijar, kan cika da samari, kowa da 'yar jakarsa. Wasu Yamai suka nufa, wasu Kwatano ko Abijan, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa Kabi da Sakkwato. Haka Arewa ta saba cin rani tun kaka da kakanni.

Yau akwai wani cin ranin da ba ya buƙatar kuɗin mota. Mai aikin yana Faransa ko Amurka, ma'aikacin yana Tibiri ko Matankari, intanet ce ke haɗa su. A shafuka irin su Upwork da Fiverr, kamfani kan sanar da abin da yake so: fassara, mayar da magana rubutu, zanen talla ko rubuta manhaja. Mai nema sai ya nuna samfurin aikinsa, ya faɗi farashi, a daidaita.

Ɗan Arewa yana da jari biyu a bakinsa: Hausar da ya sha a nono da Faransancin da ya koya a lakwal. Tun 2013 Google ta saka Hausa a manhajarta ta fassara, kuma kamfanonin fasaha na neman masu rubuta harshen da gyara shi. Lokaci ma ya ba da haɗin kai, don a lokacin sanyi agogon Nijar da na Faransa ɗaya ne, sauran watannin kuwa tazarar awa guda ce kawai. Ga kuma lissafi: yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, don haka aikin yuro 100 ya haura jaka 65.

Sai dai ƙalubalen ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Ka dubi matashi zaune a inuwar dogon yaro, kwamfuta a cinya, salula a gefe tana ba ta intanet, ido ɗaya kan aiki, ɗaya kan alamar batir. Wanda ya ba shi aikin bai san an ɗauke wuta ba, wa'adi kawai ya sani. An ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Shi ya sa faifan sola da batir suka zama wa wannan sana'a abin da kalme yake ga manomi. Shigowar Starlink ƙasar a 2025 ta ƙara hanya, ko da yake kuɗin na'urar ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai a yi karo-karo.

Saura kuma hanyar kuɗi. Kafin a taɓa aiki, a yi magana a fili: ta banki za a biya, ko ta Western Union? Nawa za a cire a hanya? Duk wanda kuma ya ce sai an biya kuɗin rajista kafin ya ba da aiki, ɗan damfara ne, komai kyan shafinsa.

Ribar wannan cin ranin ba sefa kaɗai ba ce. Idan ruwan farko ya sauka a kwarin Dallol Mauri na yankin Arewa, mai shi ba ya can Abijan yana neman kuɗin motar dawowa. Ya rufe kwamfuta, ya ɗauki iri, ya bi mahaifinsa gona.