Yannick Noah: Ɗan Wasan da Ya Fi Iya Horarwa

A shekarar 1971 shahararren ɗan wasan tanis ɗin Amurka, Arthur Ashe, ya yi rangadin wasu ƙasashen Afirka, har ya yada zango a Yawunde. Cikin yaran da suka fito buga ƙwallo a gabansa akwai wani siriri ɗan shekara 11, sunansa Yannick Noah. Ashe ya ga abin da ya gani, ya ba yaron raket ɗinsa, sannan ya yi wa Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa magana. Ba a daɗe ba aka tura yaron makarantar horar da 'yan wasa a birnin Nice, nesa da iyaye da dangi.

A garin Sedan na Faransa aka haife shi, ranar 18 ga Mayu, 1960. Mahaifinsa Zacharie ɗan Kamaru ne, ɗan ƙwallon ƙafa da ya ci kofin Faransa da ƙungiyar Sedan a 1961, mahaifiyarsa Marie-Claire kuwa Bafaranshiya ce. Rauni ne ya raba uban da ƙwallo, shi ya sa ya kwashi iyalinsa ya koma gida.

Ranar da ta fi kowace rana a rayuwar wasansa ita ce 5 ga Yuni, 1983, wasan ƙarshe na Roland Garros a birnin Faris. Abokin karawarsa, Mats Wilander na Suwidin, shi ke riƙe da kofin, kuma gwanin haƙuri ne a filin jar ƙasa, inda ƙwallo ke rage gudu, mai gaggawa ya sha wuya. Noah ya ƙi tsayawa a baya su yi ta ba-ni-in-ba-ka. Da ya buga sai ya ruga gindin raga, ya tare ƙwallon tun tana sama. Turmi uku a jere ya kayar da shi: 6-2, 7-5, 7-6. Mahaifinsa ya diro daga wurin 'yan kallo, suka rungumi juna a tsakiyar fili suna kuka. Rabon da namiji Bafaranshe ya ci wannan kofi tun Marcel Bernard a 1946, kuma har yau ba a sake samun wani ba. 

Sai dai a faɗi gaskiya, Noah bai zama dodon fili irin Ivan Lendl ko John McEnroe ba. Babban kofinsa na ɗai-ɗai ɗaya ne tak. Ya ƙara da na 'yan bibbiyu tare da Henri Leconte a 1984, ya kai matsayi na uku a duniya a 1986, iyakarta ke nan. A ganina, baiwarsa ta ainihi sai da ya zauna a kujerar kyaftin ta bayyana.

A 1991 aka damƙa masa tawagar Faransa ta gasar kofin Davis, kofin da rabonsu da shi tun 1932. Suka kai wasan ƙarshe a birnin Lyon, inda za su gwabza da Amurka mai Andre Agassi da Pete Sampras. Leconte a lokacin bai daɗe da tashi daga aikin tiyata a baya ba, sunansa ya faɗo can ƙasa a jerin gwanaye, mutane sun cire rai da shi. Noah ya kafe sai shi. Ranar farko Agassi ya doke Guy Forget, amma Leconte ya shigo ya casa Sampras turmi uku babu ko ɗaya. Kashegari shi da Forget suka cinye wasan bibbiyu, rana ta uku Forget ya ƙarasa Sampras. Bayan shekara 59, kofi ya koma Faransa.

Abin lura shi ne, tanis wasa ne na kowa tasa ta fishshe shi. Ɗan wasa yana yawo duniya da kocinsa, abokin ƙasarsa ma kishiya ne a wurinsa. Noah ya iya tara irin waɗannan mutane a masauki ɗaya, ya sa su ci tare, su ji ciwon juna, har wanda aka bari a benci ya riƙa ihu kamar shi ke fili. Haka ya sake cin kofin a 1996 a Malmö, inda Arnaud Boetsch ya tsallake rijiya da baya har sau uku kafin ya doke Nicklas Kulti na Suwidin. A 1997 ya jagoranci matan Faransa suka ci kofin Fed karon farko a tarihinsu.

Daga nan ya karkata ga waƙa da kuma ƙungiyarsa ta Fête le Mur, wadda ya kafa a 1996 don kai tanis unguwannin talakawa. Da aka sake kiran sa kujerar kyaftin, hali zanen dutse: a wasan ƙarshe na 2017 da Beljiyam ya ajiye Nicolas Mahut, gwanin bibbiyu, ya haɗa Richard Gasquet da Pierre-Hugues Herbert. Aka yi ta surutu, su kuwa suka ci wasansu, Lucas Pouille ya rufe taro da nasara. Kofin Davis sau goma Faransa ta ci a tarihinta, uku daga ciki a hannun Noah.