Abin da Allon Majigi Ke Ɓoye wa Manaja

Tun da majigi ya mamaye ɗakunan taro, ake ta yayata cewa manajan da aka haska wa zane mai launi-launi da bidiyo ya fi fahimtar halin da kamfaninsa ke ciki. Batun sauri kam gaskiya ne, domin zane ɗaya kan nuna hawa da saukar cinikin shekara guda a kallo ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar saurin nan a matsayin nazari, alhali wanda ya tsara allon ya riga ya zaɓa wa ido inda zai fara sauka. Kamar kwandon tumatir ne a kasuwa: manyan suna sama, na ƙasa sai wanda ya sa hannu ya tona.

A duba abin da ya faru a Amurka. Ranar 16 ga Janairu, 2003, kumbon Columbia ya tashi, wani guntun soson da ke lulluɓe tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyin kamfanin Boeing suka yi wa shugabannin hukumar sararin samaniya ta NASA bayani da PowerPoint, manhajar tsara shafukan da ake haskawa a majigi. Kanun wani shafi ya zo da kalamai masu kwantar da hankali. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka ajiye lambobi biyu, 1,920 da 3, wato girman guntun da ya bugi kumbon da girman wanda aka yi gwaji da shi. Ninki 640 ke nan! Ba a yi ƙarya ba, amma maganar da ta fi kowace nauyi ta tafi inda ido ba ya tsayawa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin samaniyar Texas, mutum 7 suka rasu. Masani Edward Tufte ya feɗe shafin daga baya, kwamitin bincike ma ya soki yadda NASA ta bar irin waɗannan shafuka suka maye gurbin cikakken rahoto.

Akwai ma wanda ya kai ga hani: a 2004 Jeff Bezos, shugaban kamfanin Amazon a lokacin, ya hana PowerPoint a tarukan manyan jami'an kamfanin. Yanzu takarda mai shafi shida ake rabawa, kowa ya karanta shiru kafin a buɗe baki.

Ba sai kowa ya kai ga hani ba. Amma shugaban da zai sa hannu a kan kuɗin jama'a ko na masu hannun jari, ya nemi rahoton tun kafin ranar taro, ya kuma tambayi mai gabatarwa lambar da bai haska ba da dalilin barinta.