Shirin Musamman: Fure a Bakin Kwarashi

 Yau mun shimfiɗa tabarmarmu a wajen masu saƙar kwarashi, domin mu duba saƙar fulawa da ake yi wa shawul ɗin jarirai, bargo da mayafin wuya, wadda kasuwarta kan buɗe da zarar hunturu ya kunno kai.

Ɗaya daga cikinsu ita ce saƙar jasmin, fure mai ganye shida, kowane ganye ƙullutun ulu ne mai taushi. Mai saƙa za ta naɗa ulu a kwarashi, ta soka, ta jawo zaren ya kai faɗin yatsa, ta maimaita sau uku ko huɗu, sannan ta zaro zare ta cikinsu gaba ɗaya ta ɗaure bakin. Ƙullutu ɗaya ke nan. Uku-uku ake haɗa kawunansu, sai an dawo layi na gaba furen yake cika. Gaba da baya duk ado ne, ga kauri, ga ɗumi.

To, sirrin yana hannu. In wannan zaren ya yi tsawo wancan ya gajarce, sai fure ya karkace, gefen bargon ya yi ta lanƙwasa. Shi ya sa gwanaye kan ce a fara gwaji da ɗan ƙyalle kamar tafin hannu. Ulu mai matsakaicin kauri ya fi dacewa da kwarashi mai milimita 4 ko 5, launi mai haske kuwa shi ke fito da furen fili. Hajiya, ki sayi ulunki gaba ɗaya a lokaci guda, don in ya yanke miki a tsakiya, wanda za ki ƙaro ba lallai rininsu ya zo ɗaya ba.

Sana'ar nan ta taɓa ceton rayuka. Lokacin yunwar da ta auka wa ƙasar Ayalan daga 1845, mata sun koyi saƙa leshin kwarashi mai furanni, ana sayarwa a ƙetare, da kuɗin gidaje da dama suka ci abinci.

Sai dai saƙar fulawa akwai cin ulu, akwai cin lokaci, kuma inji ba ya yin ta, aikin hannu ce zalla. Don haka 'yar'uwa mai saƙa, ki lissafa kuɗin ulu da kwanakin da kika ɓata kafin ki yanke farashi. Ku kuma masu saye, in an faɗa muku kuɗin shawul, ku rage tayin wulaƙanci, ku biya mai gumi haƙƙinta.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.