Buhun Tallafi da Kwanon Yaro: Abin da Ake Rabawa a Jos

A ƙarshen watan Oktoban 2020, a kwanakin da suka biyo bayan zanga-zangar EndSARS, dubban mutane suka yi wa wani katafaren sito da ke Bukuru, kudu da Jos, tsinke. Wasu suka kutsa ta ƙofa, wasu suka ɗare rufi suka yaye kwano, aka yi ta jido buhuna. Kayan tallafin annobar korona ne ke jibge a ciki. An daɗe ana cacar baki a kan dalilin da ya sa ba a raba su da wuri ba, amma kusan babu wanda ya tsaya duba abin da ke cikin buhunan. Ƙunshin da aka fi rabawa a jihohi a lokacin, wanda haɗakar bankuna da manyan 'yan kasuwa ta CACOVID ta saya ta danƙa wa gwamnoni, ya ƙunshi shinkafa, garin rogo ko na masara, taliya, indomi, sukari da gishiri. Babu wake, babu gyaɗa, babu busasshen kifi, babu madara.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ma haka aka sake yi. A watan Agusta Gwamnatin Tarayya ta sanar da naira biliyan 5 da tirela 5 na shinkafa ga kowace jiha. A farkon 2024 aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 na masara, gero, dawa da garin rogo daga rumbunan ƙasa, a tsakiyar shekarar kuma aka ce tirela 20 na shinkafa ga kowace jiha. Kayan da ake kai wa waɗanda hare-hare suka raba da gidajensu a Mangu da Bokkos na jihar Filato su ma yawanci hatsi ne da ɗan mai da gishiri.

Masu rabon suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Hatsi ya fi araha, yana jure ajiya, ana iya auna shi da mudu a gaban jama'a. Ƙwai yana fashewa a hanya, nono yana tsami, ganye yana yaushi kafin yamma. Gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, tuwo yake nema kafin komai, kuma kuɗin da bai kashe a kan shinkafa ba yana iya zuwa ga mai wake. Akwai kuma wata hujjar da ba a faɗa a bainar jama'a: tirelar shinkafa tana kyau a hoto, ƙwayar ƙarin jini kuwa ba ta yi.

Sai dai jikin mai ciki da na yaro ƙarami ba cika kawai yake nema ba. Masana abinci sun fi mai da hankali a kan kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A nan ƙwaƙwalwa da ƙashi suka fi saurin ginuwa, kuma tsayin da yaro ya rasa a wannan tsakani da wuya ya maido shi. Cikin ɗan wata takwas ƙanƙane ne, cokali kaɗan ke cika shi. Idan abin da ya cika shin tsinkakken kokon masara ne da sukari, yaro zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali bai samu sinadarin ƙarfe da ke gina jini ba, bai samu zinki ba, bai samu bitamin A da ke kare ido da tsare jiki daga cututtuka ba, furotin ɗin ma kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da doya da dankali, wake da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Ana so ya taɓa aƙalla biyar a yini. Ƙunshin da muka lissafa a sama, duk yawansa, gida ɗaya tak ya cike.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 68 na yara suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Jarirai kashi 29 ne kawai ake shayar da su nonon uwa zalla a watanni shida na farko. Ba tallafin gwamnati ya haifar da wannan ba, amma tallafin da ba ya taɓa shi, ba za a ce ya yi maganinsa ba.

Shirin da ya fi kusa da yin abin da ya dace shi ne ciyar da 'yan makaranta. An gwada shi a 2005 a zamanin Obasanjo, ya mutu a kusan ko'ina ban da jihar Osun, sannan gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shi a 2016. Filato, jihar da Jos take ciki, tana cikin jihohin da suka shiga a 2017. A takarda tsarin ya yi ma'ana ƙwarai: a sayi amfanin gonar yankin, a ɗauki matan unguwa su dafa, yaran aji ɗaya zuwa uku na firamare su ci sau ɗaya a rana, a jadawalin mako kuma a sa wake da ƙwai da ɗan nama ko kifi. An yanka naira 70 ga kowane yaro, daga baya aka ɗaga zuwa 100. Farashi kuwa bai jira kowa ba. A 2024 ƙwai ɗaya ya wuce naira 100 a kasuwa. Idan kuɗi ya tsaya cik kaya suna hawa, mai girki ba shinkafa take fara ragewa ba, domin ita ake gani a kwano. Ƙwai ake rabawa biyu, nama ya koma romo, wake ya zama ɗaiɗaiku. Wato abin da ya fi amfani shi ke fara fita. Ga kuma tsaikon biyan kuɗi da ya sha tsayar da girki. A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da tallafin jama'a, ciki har da wannan.

Ko da a ce shirin ya tafi daidai, yana da wani giɓi da ba na kuɗi ba. Ɗan aji ɗaya ya kai shekara shida. Abincin makaranta yana jawo shi aji, yana hana shi gyangyaɗin yunwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ƙanensa da ke goye a baya, da mahaifiyarsa mai ciki, waɗanda su ne ke cikin kwanaki dubun nan, ba sa cikin lissafi.

Nasu rabon yana asibitin unguwa, kuma ba ya zuwa a buhu. A wajen awon ciki ana ba da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid. Sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da yara, ana ɗiga wa yara bitamin A a baki, shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, tare da maganin tsutsar ciki. Ana zagaya dantsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Filato tana cikin jihohi 12 da suka shiga shirin ANRiN da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018, wanda ya haɗa da raba garin sinadarai da ake barbaɗawa a kunun yaro, da zinki da ruwan gishiri da sukari don gudawa.

Mafi inganci a duk abin da ake rabawa shi ne abincin tamowa, ɗan ƙunshin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin. Nauyinsa giram 92, yana ba da kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, ya yi suna a yunwar Nijar ta 2005, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar dubun dubatar yara a yankin Maraɗi, akasarinsu a gida ba a gadon asibiti ba. Yanzu ana sarrafa shi a Kano da Legas. Amma magani ne, na yaron da ya riga ya faɗi, kuma yawancin kuɗinsa daga UNICEF da masu ba da agaji yake fitowa. Idan jiha ba ta zuba nata kason ba sai ya yanke. Wanda aka samu ɗin ma, wani lokaci 'yan'uwa ne ke tayawa sha a gida, wani kuma ya ɓulla a kasuwa.

Akwai tallafin da ba a ganinsa, gwamnati kuma ta cancanci yabo a kansa. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishiri, abin da ya rage maƙoƙo sosai. Tun 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa, garin masara na kamfani, sukari da man girki, hukumar NAFDAC ke sa ido, alamar ido ce a jikin leda. Matsalar ita ce talaka a unguwannin Jos irin su Gangare ko Unguwar Rogo ba ledar kamfani yake saya ba. Masara yake aunowa a kasuwar Katako ya kai inji, mai kuma a kwalba, wanda ba a san asalinsa ba. Shinkafar da ake rabawa a tirela ita ma dokar ba ta shafe ta ba.

Abin da ya sa lamarin Jos ya fi ɗaure kai shi ne abincin yana nan. Wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe zai ga karas da kabeji da koren wake da tumatir ana loda su zuwa Legas da Fatakwal, da yawansu an shayar da su ne da ruwan tsofaffin ramukan kuza. Dankalin turawan Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ne ke ciyar da ƙasar. Sanyin tsaunin ya sa gidajen kaji sun yawaita, ƙwan Jos yana kaiwa jihohi da dama. Ga acca, ga tamba mai yawan sinadarin ƙarfafa ƙashi, ga waken suya, ga nonon Fulani. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana nan tun 1924. Hatta girkin gargajiyar yankin, gwate, ya riga masana: tsakin masara ko acca da alayyafo da yakuwa da gauta, a jefa wake ko gyaɗa ko ƙashi, tukunya ɗaya ta haɗa gida uku ko huɗu na lissafin da muka kawo. Ma'aikatan jinya kuma sun daɗe suna koya wa iyaye mata haɗa garin kunun yaye da soyayyen hatsi, waken suya da gyaɗa. Sharaɗi ɗaya: a tsince masara da gyaɗar da suka yi fumfuna, domin dafin da ke cikinsu yana lahanta hanta, yana kuma da alaƙa da tsumburewa.

Wasu ƙasashe sun raba tallafin uwa da yaro da tallafin yunwa na gama-gari. A Amurka, shirin WIC da aka kafa a 1972 na masu ciki ne da masu jego da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kaɗai. Ba buhu ake ba su ba, kati ne da ba ya sayen komai sai abin da aka lissafa: madara, ƙwai, wake, man gyaɗa na shafawa, hatsin da aka ƙara wa sinadarin ƙarfe. A 2009 aka sake jerin, aka shigo da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Najeriya ba ta da kuɗin Amurka, amma abin koyi a nan ba kuɗin ba ne. Sun fara da tambayar me jikin wannan yaro yake buƙata, sannan suka tsara saye.

A Jos ana iya yin kwatankwacinsa ba tare da shigo da komai daga waje ba: a rage buhun shinkafa ɗaya cikin uku a sa wake ko waken suya da gyaɗa, a tabbatar man da gishirin masu ƙarin sinadari ne, a haɗa rabon masu ciki da katin awo, a ba uwa takardar karɓar ƙwai da ganye a hannun 'yan kasuwar unguwarsu. Masu unguwanni, limamai, fastoci da shugabannin mata da ake kira wajen rabo, su ne ke da bakin tambaya. Idan an sanar da tirela nawa aka kawo, su nemi a faɗa musu me ke ciki, da kuma nawa ne rabon mai ciki da ɗan yaye.