Masana na Sa-kai da Gandun Termit: Ina Maganarsu Take Tsayawa?

Wanda ya tashi daga Gure ya miƙi arewa, ya wuce Tesker, zai iske duwatsun Termit, a gabashinsu kuma rairayin Tin Toumma. A nan ne gwamnatin Nijar ta kafa gandun namun daji ranar 6 ga Maris 2012, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000, wanda ya taɓa jihohin Damagaram (Zinder) da Diffa da Agadas. Babban abin da ya sa aka kafa shi wata dabba ce da ake kira adaks. Dangin barewa ce, mai farin jiki da murɗaɗɗun ƙahoni da faffaɗan kofato wanda ba ya nutsewa a yashi, kuma takan daɗe ba ta sha ruwa ba, ɗanyen haki ya ishe ta. A nan ne ragowar garkenta na asali, wanda bai taɓa shiga hannun mutum ba, yake yawo.

To, wa ke gaya wa hukuma halin da wannan dabba take ciki, kuma wa ke cewa an yi daidai ko an kauce? Shekara da shekaru, kaso mai yawa na wannan aiki yana wuyan mutanen da ba wanda ke biyansu albashi a kansa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, mai hedikwata a Suwizalan, tana da wani reshe da ya tara dubban masana na sa-kai, an kasa su rukuni-rukuni, kowane da irin halittar da ya sani. Rukunin da ya shafe mu shi ne mai kula da barewa da danginta. Kowane mamba yana da abin yinsa, wani malamin jami'a, wani likitan dabbobi, wani ma'aikacin gidan zu. Shugaban rukuni ne ke gayyato shi na wa'adin shekara huɗu. Suna tattara abin da masu ƙidaya suka gano a daji, su auna shi da ma'auni guda da aka yarda da shi a duniya, su faɗi matsayin dabbar. Da wannan awo ne adaks ta shiga sahun halittun da ke dab da ƙarewa tun shekarar 2000. Masanan ba su da ikon kama mafarauci, ba su da ikon shata iyaka. Abin da suka mallaka shi ne a yarda da maganarsu.

Dalilin dogaro da su a fili yake. Ƙidayar dabba a hamada tana cin kuɗi: jirgin sama, motoci, mai, ruwa, masu rakiya. Ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro ba za ta iya ajiye gwani ga kowace dabba ba. Masu ba da tallafi su ma sun fi sakin kuɗinsu idan akwai shaidar wanda ba ya cin abinci a hannun gwamnati ko na kamfani. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin darajar ɗan sa-kai: wanda ba ka ciyar ba, ba ka iya rufe masa baki da barazanar kora.

An ga amfanin haka a 2016. Shekara shida kafin nan an ƙiyasta adaks kimanin 200 a yankin. A watan Maris na 2016 masu bincike, ciki har da na ƙungiyar Sahara Conservation Fund, suka kewaya ta sama da ta ƙasa, guda uku kacal suka gani. IUCN ta fitar da labarin, ta kuma ambaci abin da ya jawo: hayaniyar aikin man fetur na kamfanin CNPC na Sin a Agadem, da farautar da aka danganta ga sojojin da ke gadin wuraren aikin, sai makamai da motocin da suka bazu a Sahara bayan rushewar Libiya a 2011. Da wuya ƙaramin jami'in gandun daji ya rubuta wannan magana ya sa hannu.

Amma faɗin gaskiya daban, a yi aiki da ita daban. A watan Yunin 2019 majalisar ministoci ta sake shata iyakar gandun, ta cire kusan rabinsa na gabas inda ya haɗu da filayen man, ta musanya da wani fili a yamma. Wurin da aka cire shi ne makiyayar adaks. Wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan an danƙa wa ƙungiyar Noé ta Faransa riƙon gandun a 2018. Ban ga laifin ƙasa matalauciya ta nemi cin arzikin da ke ƙarƙashin yashinta ba; matatar Soraz da ke kusa da Zinder tana aiki tun 2011, kuma da man Agadem take. Abin da ya dame ni shi ne an yanke hukuncin tukuna, sannan masana suka biyo baya. Tawagar IUCN ta zo Nijar a Janairun 2020, ta gana da hukumomi, ta rubuta rahoto. A 2021 aka sake gyara iyakar, gandun ya tsaya a kan kimanin murabba'in kilomita 86,000, wani sashe na makiyayar ya dawo ciki. Shawarar ta yi tasiri, tare da matsin lambar ƙungiyoyi, sai dai ta zo kamar mai maganin da aka kira bayan ciwo ya ci jiki.

Akwai kuma nisa. Gwanin da ke zaune a Turai yakan zo na mako ɗaya ko biyu. Makiyayin Tubawa da ke shayar da raƙumansa a rijiyoyin Termit yana ganin sawu kullum, ya san inda ruwa ya sauka bana, ya san motar da ta ratsa da dare. Masu kula da gandun sun gane haka, shi ya sa suka ɗauki wasu daga cikin mazauna yankin su riƙa kawo labari. Sai dai mai kawo labari ba a zaune yake ba a wurin da ake tsara shawara.

A bakin tekun Muritaniya akwai misalin da ya kamata a duba. Gandun Banc d'Arguin, wanda aka kafa a 1976, yana da majalisar masana tasa ta dindindin, ta haɗa 'yan ƙasa da baƙi, aikinta ba hukumar gandun shawara. Masuntan Imragen da ke zaune a ciki an bar musu kamun kifi da jiragen filafilai, an hana masu inji, kuma ma'aikatan cibiyar binciken teku ta ƙasar suna rubuta abin da aka kamo a ƙauyukansu. Can ma ana ja-in-ja, ba a rasa ba. Bambancin shi ne majalisar tana nan tun kafin rigima ta taso, kuma hukuma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Abin da ya faru a Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara fito da raunin dogaro da masanan waje. Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi, zirga-zirgar baƙi ta yi wuya. Ɗan sa-kai ba ya karɓar albashi, amma jirgin da zai kai shi Tin Toumma da kuɗin wani yake tashi. Ranar da wannan kuɗi ya tsaya, ƙidaya ta tsaya.

Ga shi kuwa ba a rasa masana a gida ba. Malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun daɗe suna nazarin yadda tudun rairayi ke binne kwaruruwan Gure da Maine-Soroa, inda ake noman dabino da haƙar kanwa. Akwai jami'a a Zinder tun 2010, akwai a Diffa tun 2014. Ra'ayina shi ne a kafa wa Termit majalisar shawara da doka ta san da ita, a zaunar da waɗannan malamai da wakilan makiyaya da gwanayen waje a tabarma ɗaya, a ware mata ɗan kuɗin zama da na fita daji daga kuɗin man Agadem. Sharaɗi ɗaya zan nace a kai: kada a taɓa iyakar gandun, kada a ba da izinin sabuwar hanya ko rijiyar mai a cikinsa, sai an nemi ra'ayinta a rubuce, an kuma karanta shi a gidajen rediyon Gure da Tesker cikin Tubanci da Barbarci da Hausa.