Kafin guduma ta taɓa motarka a Riyad

Wata ranar Talata da yamma, ina dawowa daga makaranta a kan titin Sarki Fahad, wani ya kwashe min gefen mota ta baya. Ba wanda ya ji rauni, alhamdulillahi, amma ƙofar baya ta loɓa, bamba ta zazzago. Tunanin da ya fara zuwa min irin na gida ne: mu sasanta a bakin titi, ya ba ni abin da ya sawwaƙa, gobe maigida ya kai wa mai bugun mota. Da na yi haka, da na jefa kaina cikin wahala, domin a Saudiyya takarda ce ke shiga gareji kafin mota.

Idan an yi karo ba a ji rauni ba, kuma akwai inshora, kamfanin Najm ake sanar wa ta waya ko ta manhajarsu. Su ne ke rubuta rahoto, su raba laifi kashi-kashi tsakanin direbobin. Daga nan sai cibiyar Taqdeer, inda ake ƙiyasta ɓarnar da kuɗin gyara, wanda da shi inshora za ta biya. Sannan a ciro izinin gyara na hukumar kula da hanya, wadda ake kira Murur, ta manhajar Absher. Garejin da ya san ciwon kansa ba zai taɓa motar da ta yi haɗari ba sai ya ga wannan izini, don kada ya taimaka wa wanda ya buge mutum ya gudu wajen ɓoye shaida. Haka kuma sauya wa mota launi gaba ɗaya sai da amincewar Murur.

Da takardu suka kammala, muka nufi Sina'iyya, unguwar masu gyara. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ba zai ji baƙunta ba: ƙarar guduma, warin tina, layi-layi na gareji. A nan mai bugun mota sunansa samkari, fenti kuma buya, abin cike gurbi ma'ajun. Ya kamata baƙo ya riƙe kalmomin nan uku, don da su ake ciniki.

Garejin farko da muka shiga, mai shi ya yi mana farashi mai sauƙi, ya ce gobe mu dawo mu ɗauka. Wani dattijo Bahaushe da ya daɗe yana aiki a layin, wanda ya ji muna Hausa ya matso muka gaisa, shi ya ja maigidana gefe ya nuna masa abin da ke cikin wannan arha. Ya ce a wurin ba sa daidaita ƙarfe, ma'ajun suke laftawa har ya cike ramin. Gyara na ƙwarai yana farawa da ƙarfen kansa: a buga shi daga ciki da guduma da matokari, ko a like masa ƙananan ƙusoshi da walda a janyo shi waje, har ya kusa komawa yadda yake. Ma'ajun na share ɗan abin da ya rage ne, kaurinsa bai kamata ya wuce milimita 3 ba. Idan ya yi kauri, zafin Riyad da ke haura digiri 40 a lokacin bazara zai sa ƙarfe ya riƙa buɗewa yana tsukewa, ba da daɗewa ba fentin ya tsage. Araha ba ta ado.

Bayan bugu sai goge wurin da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa fentin shimfiɗa, a sake gogewa, sannan launi, sannan ruwan sheƙi da ke kare shi daga rana. Kowace mota tana da lambar launinta, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, kuma da ita ake haɗa fenti a kwamfuta. Sai dai rana ta riga ta kodar da tsohon fentin, don haka gwani yakan ɗan ja sabon launin zuwa jikin da ke maƙwabtaka don kada ido ya ga iyaka. Abin da ya fi muhimmanci a garin ƙura shi ne ɗakin fesa fenti a rufe, wanda suke kira furn, inda ake tace iska, a gasa fentin a zafin da ya kai kimanin digiri 60. Wanda aka fesa a fili, ko ya yi sheƙi ranar farko, in ka shafa za ka ji yashi.

Idan loɓawar ƙarama ce, irin ta ƙanƙarar da kan sauko wani lokaci, kuma fenti bai fashe ba, ka nemi gyaran da ake turo ƙarfe daga ciki da sanduna ba tare da fenti ba. Dalili kuwa, masu sayen mota a nan suna zuwa da na'urar auna kaurin fenti, kuma duk inda aka sake fesawa tana tona shi, farashi ya sauka. Idan kuma ƙofa ta wuce gyara, a makabartar motoci ta Al-Ha'ir da ke kudancin birnin ana samun ta asali da aka kwance daga wata motar.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da ke tambaya daga gida ko sana'ar tana ci a nan. Tana ci, amma da sharaɗi. Dole ne aikin da kake yi ya dace da abin da ke rubuce a iƙamarka, kuma a ƙarƙashin wanda ya ɗauke ka. Tsarin da baƙo ke zuba jarinsa ya buɗe gareji da sunan ɗan ƙasa a ɓoye, wanda ake kira tasattur, babban laifi ne: dokar da aka fitar a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Ga kuma lafiya. Sinadarin da ke busar da fentin zamani yana jawo asma, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, sai takunkumi na musamman. Duk wanda zai karɓi aikin fesa fenti, ya tambayi wannan kafin ya tambayi albashi.

Motata ta yi kwana biyar a gareji na biyu, kuɗin kuma ya ɗara na farkon. Kafin mu biya, dattijon nan ya sa muka fito da ita rana, muka dubi ƙofar daga gefe, muka buɗe muka rufe, muka karɓi rasit mai ɗauke da bayanin aikin. Ya ce da ni, "'Yata, kada ki taɓa karɓar mota da daddare." Shekara guda ke nan, bazara ta zo ta wuce, ƙofar ba ta tsage ba.