Gidan Gyaran Hali: Abin Da Ya Kamata Mutanen Ƙasar Yauri Su Sani

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta Najeriya Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta shafi gidan yarin Yelwa kamar yadda ta shafi na Kuje da Kirikiri, don haka ya kamata mutumin Warra ko Shanga ya san abin da ta ƙunsa.

Na farko, ba kowane laifi ne sai an kulle mutum ba. Alƙali na iya yanke wa mai ƙaramin laifi hukuncin yi wa al'umma aiki, ko a sake shi ana sa masa ido, ko a yi sulhu ya biya abin da ya ɓata. A ce saurayi ya saci komar wani masunci a bakin tafkin Kainji. In aka tura shi kaso, masuncin bai ga komarsa ba, yaron kuma ya fito da sababbin abokai da sababbin dabaru, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In kuwa aka sa shi ya biya, ya kuma share kasuwa, kowa ya samu haƙƙinsa.

Na biyu, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 ko 2, kuma belin 'yan sanda kyauta ne. Babban Alƙalin jiha na da ikon ziyartar gidan yari ya sallami wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Wasu kuma tara ce kawai ta riƙe su: a Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da sakin fursunoni 4,068 bayan an biya musu.

A Amurka akwai masu fafutuka irin su Angela Davis da ke cewa a rushe gidajen yari gaba ɗaya, a kashe kuɗin a makarantu da asibitoci. Wanda 'yan bindiga suka ɗauke wa ɗa ba zai yarda da haka ba, kuma yana da gaskiya. Amma ɓarawon albasa da mai garkuwa da mutane bai dace su kwana ɗaki ɗaya ba.

Sauran aikin namu ne. Wanda ya koyo ɗinki ko aikin kafinta a gidan yari, in ya fito aka hana shi aiki da aure, aka riƙa nuna shi da baki, hanyar komawa aka share masa. Iyaye, malamai da masu unguwanni, mu riƙa bin sawun shari'ar 'ya'yanmu, mu ziyarce su, in sun dawo mu karɓe su mu ba su jari.